Tarihin Ƙunzugu Da Audugar Mata Yana Jiran Marubuci

Kowace shekara, ran 28 ga watan Mayu, akan yi taruka a Abuja da sauran manyan biranen ƙasar nan domin tunawa da Ranar Tsaftar Jinin Al'ada ta Duniya. Wata ƙungiya ce ta ƙasar Jamus mai suna WASH United ta ƙago wannan rana, aka fara bikinta cikin shekarar 2014. An zaɓi 28 ga wata saboda yawancin mata sukan yi kamar kwana 28 daga wannan al'ada zuwa waccan, aka kuma zaɓi wata na 5 saboda jinin yakan ɗauki kamar kwana 5. A wannan rana manyan ma'aikata da shugabannin ƙungiyoyi sukan yi jawabai, a raba wa 'yan makaranta audugar mata, a ɗauki hotuna, a watse. Amma da za a tsai da ɗaya daga cikin mahalarta a tambaye shi yaushe audugar nan ta fara shigowa kantunan Kano ko Kaduna, nawa ake sayar da ita a lokacin, kuma da me kakanni mata suke amfani kafin zuwanta, da wuya ya ba da amsa mai gamsarwa.

A wasu ƙasashe an daɗe da fara tattara wannan tarihi ana jera shi shekara bayan shekara a intanet. Jadawalin tarihi na kwamfuta wani dogon layi ne da ke bayyana a fuskar waya ko kwamfuta, an tsaga shi da shekaru, duk shekarar da mutum ya taɓa da yatsa sai ta buɗe masa hoto da taƙaitaccen bayani, wani lokaci har da murya. Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin haka magabata suka jera sarakunan Kano tun daga Bagauda, wane ya yi shekara kaza, a zamaninsa aka yi kaza, sa'an nan wane ya gaje shi. Bambancin kawai shi ne wannan ana iya ƙara masa bayani a duk sa'ad da aka samu, kuma mai waya a Kuje da mai waya a Maraɗi suna iya dubansa a lokaci guda. Aikin ma ba shi da tsada. Jami'ar Northwestern ta Amurka tana da wata manhaja mai suna TimelineJS wadda take bayarwa kyauta, mutum ya cika shekaru da bayanai a gidajen da aka tanada, ita kuma ta jera masa su.

Wani Ba'amurke mai suna Harry Finley ya taɓa buɗe gidan tarihin kayan al'adar mata a ɗakin ƙasa na gidansa a Jihar Maryland cikin 1994. Ya rufe shi cikin 1998, ya bar kayan da ya tara a intanet, inda mutanen da ba za su taɓa zuwa gidansa ba suka riƙa ganinsu. Tun daga nan gidajen tarihi da jaridu da ɗaliban jami'a suka yi ta fitar da nasu jadawalin.

Abin Da Jadawalin Turawa Ke Nunawa

Yawancin waɗannan jadawalai hanya ɗaya suke bi. Sukan fara da shekarun 1880, lokacin da kamfanin Southall na birnin Birmingham a Ingila ya soma sayar da ƙunzugun da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Johnson & Johnson na Amurka ya fito da nasa, amma bai yi kasuwa ba, domin mata suna jin nauyin tambayarsa a kanti, jaridu kuma ba su son buga tallansa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918, shi ne ya sake al'amarin. Kamfanin Kimberly-Clark ya riƙa sarrafa itace ya zama wani abu mai laushi kamar auduga, wanda ya fi audugar gaske shan ruwa, ana ɗaure wa sojoji raunuka da shi. Mata masu jinyar sojoji a Faransa suka lura yana yi musu amfani a lokacin al'ada. Da aka gama yaƙi kamfanin ya mai da ragowar kayan zuwa audugar mata mai suna Kotex, ya fara sayarwa cikin 1920. Duk da haka kunya ba ta bar kasuwar ba, har ta kai wasu masu kanti suna ajiye kwalayen a kan tebur tare da ɗan akwatin kuɗi, mace ta jefa kuɗinta ta ɗauka ba tare da ta buɗe baki ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ƙunshe audugar mata cikin baƙar leda a kantin magani na unguwa ya san cewa wannan kunya ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Cikin 1931 wani likita a birnin Denver, Earle Haas, ya nemi takardar mallakar ƙirƙira a kan wata dunƙulalliyar auduga da ake sakawa ta ciki, wadda ta shiga kasuwa sosai da sunan Tampax cikin 1936. Cikin 1937 wata mace, Leona Chalmers, ta samu takardar mallakar wani ɗan ƙoƙo na roba da ke tare jinin, a zubar, a wanke, a sake amfani da shi. Cikin 1956 wata baƙar fata 'yar Amurka, Mary Kenner, ta samu takarda a kan wata ɗamara mai riƙe ƙunzugu, kuma ita da bakinta ta ba da labarin kamfanin da ya nuna sha'awar ƙirƙirarta, sa'an nan ya janye da ya gane baƙa ce. Cikin 1969 aka fara sayar da audugar Stayfree mai gam a bayanta, wadda ake mannawa a jikin kamfai, daga nan ɗamara ta fara ɓacewa. Cikin 1983 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Always, sunan da har yau mata da yawa a Nijeriya suke kiran kowace irin auduga da shi.

Akwai kuma shekarar baƙin ciki a cikin jerin. Cikin 1980 hukumomin lafiya na Amurka suka gano cewa wata cuta mai tsanani, mai kawo zazzaɓi da faɗuwar jini, wadda ta halaka mata da dama, tana da alaƙa da audugar ciki mai yawan shan ruwa idan ta daɗe ba a cire ba. A watan Satumba na wannan shekara kamfanin Procter & Gamble ya janye audugarsa mai suna Rely daga kasuwa. Darasin wannan shekara shi ne ba kowane sabon abu ne ya fi tsohon lafiya ba, kuma abin da ake kunyar magana a kansa yakan daɗe yana ɓarna kafin a farga.

Duk wannan ilmi ne mai amfani. Sai dai wanda ya bi jadawalin daga farko zuwa ƙarshe zai ga cewa tarihin kamfanoni ne na Ingila da Amurka, an jera shi kamar tsani, tsumma a ƙasa, audugar zamani a sama, kamar dai duk matan duniya sun hau tare sun bar tsumma a baya. Alhali kuwa Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mata kamar miliyan 500 a duniya ba su da isassun kaya da wurin kula da kansu a lokacin al'ada. Yarinyar da ke sansanin 'yan gudun hijira na Durumi ko na Wassa a cikin Babban Birnin Tarayya ba za ta ga kanta a kan wannan tsani ba.

Inda Na Hausa Zai Fara

Jadawalin da za a yi da Hausa ba shi da dalilin farawa daga Birmingham. Littattafan da almajirai suka daɗe suna karantawa a zaurukan ƙasar Hausa sun riga kamfanonin Turai magana a kan wannan al'amari da ɗaruruwan shekaru. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa mata sukan aika wa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, auduga a cikin ɗan mazubi domin ta duba musu ko sun yi tsarki. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Hamna 'yar Jahshi shawarar yin amfani da auduga da ta kai masa kukan jinin da ya ƙi tsayawa. Ahalari da Risala kuwa duk suna bayanin hukuncin haila filla-filla. Ashe ke nan addini bai hana tambaya ba, al'ada ce ta ɗaure bakin mutane, har ake kewayawa ana cewa wance tana fashin salla, ko baƙonta na wata ya zo.

Bayan wannan sai ƙunzugu, wanda shi ne ainihin kayan matan ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Tsohon zane ne mai laushi ake yagawa, a ninka, a ɗaura, in ya ɓaci a wanke da sabulu a shanya a sake amfani da shi. Uwa ko yaya ko kaka ita ke koya wa yarinya a asirce. Ƙunzugu ba abin raini ba ne, domin ƙyalle mai tsabta wanda aka wanke da kyau ya bushe a rana yana yin aikinsa. Illarsa tana zuwa ne daga ɓoyo, sa'ad da kunya ta sa a shanya shi a bayan ƙyaure ko a ƙarƙashin katifa inda rana ba ta kaiwa, a ɗauka da danshi a sake ɗaurawa, daga nan ƙaiƙayi da sauran cututtuka su samu hanya. Abin lura kuma, ƙungiyoyi da yawa a yau suna koya wa mata ɗinka audugar da ake wankewa, wadda in an duba da kyau ƙunzugu ce aka yi wa sabon ɗinki da maɓalli. Watau tarihin nan a ƙasar Hausa kewayawa yake yi, ba hawa tsani ba.

Sunan da aka laƙaba wa kayan zamanin ma yana da abin dubawa. Ana ce da ita audugar mata, amma mafi yawanta ba auduga ba ce, niƙaƙƙen itace ne da wani sinadari mai tsotse ruwa da siririyar leda. Saboda haka audugar da ake nomawa a Funtuwa da Gusau ba ta da wani rabo mai yawa a cikinta, galibin kayan haɗinta daga ƙasashen waje ake sayo su da dala. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar shekarun da za a ambata yanzu.

Shekarun Da Aka Yanke A Abuja

Ran 13 ga Janairu, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kuɗi wadda ta ɗaga harajin kaya da ake kira VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100. Dokar ta keɓe wasu kaya daga wannan haraji, cikinsu har da audugar matan da aka yi a cikin Nijeriya. Manufar ita ce a sauƙaƙa wa mata farashi, a kuma ƙarfafa masana'antun gida. Cikin 2022 kamfanin Kimberly-Clark, mai Kotex, ya buɗe sabuwar masana'anta a Ikorodu ta Jihar Legas.

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. A watan Disamba na 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai Always, ya ba da sanarwar zai daina sarrafa kaya a Nijeriya ya koma shigo da su daga waje. Cikin 2024 Kimberly-Clark ma ya ce zai rufe masana'antarsa ta Ikorodu ya bar ƙasar, shekara biyu kacal da buɗe ta. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

In an karanta waɗannan labarai ɗaya-ɗaya, kowanne a ranar da ya fito a jarida, ba a ganin abin da ya haɗa su. Amma in an jera su a layi guda sai magana ta fito fili: doka ta yafe haraji ga audugar da aka yi a gida, kafin a cika shekara 5 biyu daga cikin manyan masu yin ta a gida sun tattara kayansu. Akwai sauran kamfanonin da suka ci gaba da aiki, amma su ma da dala suke sayo kayan haɗi. Magidancin da ke da mata da 'yan mata uku a Nyanya ko Gwagwalada ya san sakamakon a aljihunsa kowane wata, yarinyar da ta koma ga tsumma ko ta ƙi zuwa makaranta na 'yan kwanaki ta san shi a jikinta. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan ciwo ya shafi uba mai ba da kuɗin cefane, ya shafi shugaban makaranta, ya shafi ɗan majalisa.

Jadawalin zai ƙara armashi in an ajiye shekarun wasu ƙasashe kusa da na Nijeriya. Kenya ta cire wa audugar mata haraji tun 2004, cikin 2017 kuma ta yi dokar da ta ɗora wa gwamnati raba ta kyauta ga 'yan matan makarantun gwamnati. Indiya ta soke harajin kashi 12 cikin 100 a watan Yuli na 2018, a can ne kuma wani mutum mai suna Arunachalam Muruganantham ya ƙera ƙaramin injin da ƙungiyoyin mata na ƙauye ke yin auduga mai araha da shi. Majalisar Sikotilan ta zartar da dokar ba da kayan al'ada kyauta ga duk mai buƙata a watan Nuwamba na 2020, ta fara aiki a watan Agusta na 2022. A Nijeriya kuwa sai cikin 2025 Ma'aikatar Harkokin Mata ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Imaan Sulaiman-Ibrahim, ta tara masana a Abuja aka amince da manufar ƙasa a kan lafiya da tsaftar al'ada. Wannan ma shekara ce da za ta shiga jerin, kuma shekarun da za su biyo bayanta su ne za su nuna ko takarda ta zama aiki.

Har wa yau dole a ja wani layi na ruwa da ban ɗaki, domin auduga ko ƙunzugu ba su da amfani ga yarinyar da makarantarsu ba ta da makewayi mai ƙofa da ruwan wanke hannu. Cikin 2018 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, cikin 2019 ta ƙaddamar da gangamin hana bahaya a fili. Binciken da gwamnati ta yi tare da UNICEF cikin 2021 ya nuna mutum kamar miliyan 48 suna yin bahaya a fili. Cikin 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan ɗabi'a.

Wa Zai Ɗauki Aikin?

Abuja ba ta rasa gidan da ya dace ba. Cibiyar Bunƙasa Mata ta Ƙasa, wadda aka buɗe cikin 1992 sakamakon shirin kyautata rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida, kuma take ɗauke da sunanta a yanzu, an kafa ta ne domin bincike da horarwa da adana bayanai a kan matan Nijeriya. Tana iya haɗa kai da Jami'ar Abuja da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, a raba aikin gida biyu.

Kashi na farko na takardu ne. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa akwai tsofaffin jaridu da rahotannin ma'aikatun lafiya da na ilmi. Ɗalibi mai haƙuri yana iya bin tallace-tallacen jaridu, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa cikin 1939, ya nemo ranar da aka fara tallan audugar mata da farashinta, ya kuma duba jerin kayan da makarantun kwana na 'yan mata suke cewa a zo da su.

Kashi na biyu, wanda ya fi gaggawa, na baka ne. Tsofaffin ungozomomi da malaman jinya da suka yi ritaya da iyayen ɗakin kwana na makarantun 'yan mata da kakanni a ƙauyuka su ne littafin wannan tarihi, kuma kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu. An taɓa yin irin wannan aiki ya yi albarka. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Baba ta rasu cikin 1951, littafin ya fito cikin 1954, har yau kuma masana suna komawa gare shi don sanin zaman matan Hausa na da. Da an jinkirta shekara biyu, da an yi asararsa. Mata ne ya kamata su yi wannan tambaya, cikin ladabi, a cikin ɗaki, da yardar mai magana.

Akwai sharuɗɗan da ya wajaba a kiyaye. Kada a sa sunan kowace yarinya ko hotonta, domin abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Kada a bar kamfani ya ɗauki nauyin aikin ya mai da shi talla. Kada a rubuta shekarar da ba a tabbatar ba, gara a bar gurbin a buɗe har a samu hujja. A sa wa kowace shekara murya da Hausa saboda waɗanda ba su karatun boko, a kuma yi shi mara nauyi yadda ƙaramar waya za ta iya buɗewa, a ba gidajen rediyo su karanta a filayen mata, a buga wa makarantu a takarda su manna a bango.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci, wa yake ta tarihin ƙunzugu? Amsar ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya nuna wurin kafin magini ya gyara. Ɗan majalisar da aka ajiye wa jerin shekaru da farashi da dokoki a gabansa ya fi wuyar kaucewa a kan wanda aka yi wa jawabi kawai. Yarinyar da ta ga cewa matan Madina sun yi tambaya, kakarta ta yi dabara, matan Kenya sun samu doka, za ta san cewa abin da ke samunta kowane wata ba laifi ba ne kuma ba abin kunya ba ne. An jera sarakuna, an jera gwamnoni, an jera yaƙe-yaƙe da shekarun yunwa. Saura a jera wannan, tun masu sani suna da rai. Allah ya sa a dace.